Igiyar Uban Tuta

Godiya ta tabbata ga Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa duwatsu, ya raba wa ƙafafu tafiya, ya raba wa bakuna labari. Ku gyara zama, ya ku jama'a. Na tsaye ya nemi wuri, mai goro ya ɓare ya miƙa wa na kusa da shi. Ni ne Nomau ɗan Bagudu, mutumin Rumji, wanda hanya ta cinye wa takalma, teku ta cinye wa kaya, Allah kuwa ya bar masa kai a bisa wuya don ya ba ku wannan hikaya.

A zamanin da gemuna bai san furfura ba, na ji fatake suna zancen wata daula da ta shuɗe a bayan Tekun Kanwa, ana ce mata Kurmuza. Suka ce sarakunan yaƙinta ba su fita sai da ado na zinariya da azurfa, kowa da alamar muƙaminsa. Suka ce ranar da birnin ya faɗi an watsar da adon nan a kango, har yau yana nan zube, awaki na takawa. Ni kuwa a lokacin kunnena ya fi hankalina girma. Na sayar da jakunana, na yi guzuri, na yi wa mahaifiyata sallama tana share hawaye, na kama hanya.

Shi Tekun Kanwa ba ruwa ba ne balle a sa jirgi, ba kuma ƙasa ba ce balle a taka. Ɓawo ne fari fat a sama, ƙarƙashinsa laka mai zafi wadda ke haɗiye raƙumi da kayansa. Ba a ƙetare shi sai a bayan waɗansu kunkuraye, kowanne faɗin bayansa ya kai masussuka. Su kuwa kunkurayen nan suna da hali irin na manya, ba su tafiya sai ana yi musu kirari. Da zarar an yi shiru, sai kunkuru ya tsaya cik, ya ja kai ciki, ya fara nutsewa.

Na hau ɗaya tare da wani maroƙi mai suna Cindo, wanda sana'arsa ke nan tun yana yaro. Muna tsakiyar teku, ba gaba ba baya, tururin kanwa ya shaƙe masa murya. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Ya dube ni, ya nuna bakinsa, ya nuna nawa. Kafin in gane nufinsa kunkuru ya karkace, kayana suka sulale cikin laka, ko kumfa ba su bari ba.

Na daka tsalle na miƙe, na fara da abin da na ji Cindo na faɗi: “Dutse mai tafiya! Ɗaki da mai ɗaki! Na gaban ruwa, na bayan zamani!” Kunkuru ya ɗan ɗago. Amma kirarin da na sani ya ƙare, laka kuwa ta taɓo dugadugina. Da tsoro ya kai tsoro, sai bakina ya koma ga abin da ya saba yabo. Na ce, “Tuwon dawa mai kwana da ɗumi! Miyar kuka, yauƙin sarauta! Fura da nono, maganin rana tsaka! Ƙosai, ɗan gatan safiya!” Ashe kunkurun nan tunda yake ba a taɓa yi masa irin wannan kirari ba. Ya miƙe wuya, ya zabura, ya riƙa tsaga kanwa kamar ana korarsa. A cikin wannan jijjiga mazagin wandona ya tsinke. Haka na sauka a ɗaya gaɓar, ba kaya, ba guzuri, hannu ɗaya riƙe da wando.

Cindo ya jawo kunnena ya raɗa mini da ragowar muryarsa cewa kunkuru ba ya ɗaukar baƙo sau biyu. In ina son komawa gida, sai in ratsa Kurmuza, in ƙetare gadar Baƙin Kogi, in zagaya ta bayan duwatsu.

Na isa birnin na tarar ganuwa ta zube, kuka ta tsiro a tsakar fada. Na tona nan, na tona can, har faratana suka yi jini. Ban sami ko ƙarfen da za a yi allura da shi ba, don waɗanda suka riga ni jin labari sun riga ni zuwa tun kafin a haife ni. Yunwa ta kora ni wani babban zaure da rufinsa bai faɗi ba. A ciki na iske wata tsohuwa zaune tana tatsar akuya.

Na yi sallama, ta amsa. Ta ce sunanta Tabawa. Ba ta tambaye ni abin da ya kawo ni ba, ta dubi farcena kawai ta miƙo mini ƙwaryar madara. Da idona ya washe, sai na ga gumaka huɗu na baƙin dutse jere a jikin bango.

Na ce, “Inna, su wane ne waɗannan?”

Ta ce, “Su ne ka zo kwasar kayansu, ɗan nan. Tashi in nuna maka, kada ka koma gida hannu wofi, kai ma wofi.”

Ta dogara sanda ta tsaya gaban na farko. “Wannan Barde ne. Dubi kwalkwalinsa, gashin jimina ɗaya baƙi, ga jar hamila a kafaɗa. Shi ke fara shiga yaƙi, shi ya sa Barade ba su cika tsufa ba. Na biyun nan Garkuwa, gashi biyu, da awarwaron tagulla a damtsen dama. Shi ke tsare bayan runduna in an juyo. Na uku Kaura. Gashi uku farare, an soke su da tsinken azurfa, ga fatar damisa a kafaɗa. Kaura in ya yi tari, mutum dubu sukan miƙe tsaye.”

Gunki na huɗu ya karye tun daga gwiwa, ƙafafu kaɗai suka rage. Na ce, “Wannan fa?”

“Uban Tuta. Shi ke bisa dukansu, daga shi sai sarki. Mahaifina ne na ƙarshe da ya riƙe muƙamin.”

Ta koma ta zauna, ta ba ni labarin gadar da zan ƙetare. Ta ce da abokan gaba suka kewaye birni, sarki ya tura Kaura biyu da runduna bakwai su tsare gadar Baƙin Kogi, ɗaya a gaɓar nan, ɗaya a waccan, kada su motsa sai Uban Tuta ya zo musu da umarni. Mahaifinta kuwa ya mutu a ƙofar birni. Mutanen nan suka yi ta jira. Suka yi aure, suka haifu, 'ya'ya suka gaji gashin jiminar ubanninsu. Daula ta tafi, rantsuwa ta zauna. Da yake Kaura biyun muƙaminsu ɗaya, kowanne ya ce shi ne babba, sai ya zama kowace shekara in an gama girbi su hau gada su gwabza.

Ta ce, “'Ya'yana biyu gadar nan ta ci. Kuma ga shi an gama girbi.”

Na yi mata ta'aziyya. Amma kwaɗayi ba ya jin kunya, sai na ji bakina na cewa, “Inna, shi Uban Tuta ai adonsa zinariya ce tsantsa ko?”

Ta dubi hannuna da ke riƙe da wando, ta yi dariya har da tari. “Ɗan nan, kana neman zinariya, ko mazagi ba ka da shi.” Ta shiga wani lungu ta fito da wata tsohuwar igiyar rama, ta yi baƙi don shan hannu, da ƙulli bakwai a jikinta. “Ɗaura wannan. In ka kai gada, kada ka yi saurin magana.”

Na ɗaure wandona, na yi godiya, na tafi.

Baƙin Kogi sunansa ya bi shi. Ruwansa kamar tawada, kadojin cikinsa kuwa farare sol, suna kwance ƙarƙashin gada sun buɗe baki suna jiran rabo. Ban kai ga gadar ba wani Barde ya fito daga cikin ciyawa da mutanensa, suka yi caraf da ni, suka kai ni gaban Kauran wannan gaɓa, mai suna Gagare. Ƙato ne, jan ido, fatar damisarsa ta sha rana har zanenta ya kusa ɓacewa.

Ya ce, “Ɗan leƙen asirin Dangana ne.” Dangana shi ne Kauran ɗaya gaɓar. Na rantse ban taɓa jin sunan ba, bai ko saurare ni ba. Ya ce, “A ba kadoji. Ku tuɓe masa riga, ita ba ta yi laifi ba.”

Suka fizge rigar. Ina jiran a ɗaga ni sama, sai na ji wurin ya yi tsit. Wani tsohon Garkuwa ya zura wa ƙuguna ido, leɓensa na rawa, yana ƙirga ƙulli da yatsa daga nesa. Sai ya saki mashi ya zube ƙasa, ya ce da ƙarfi, “Allah ya ja zamanin Uban Tuta!”

Kafin ƙiftawar ido filin nan duka ya zama gadon bayan mutane, kowa ya zube ƙasa. Aka buga tambari, na ƙetare ya amsa. Gagare ne ya durƙusa a ƙarshe, idonsa kuwa bai bar fuskata ba.

Ya sa aka mai da mini rigata, ya kai ni gidansa, aka kawo gasasshen kifi da tuwon gero. Na ci har igiya ta matse ni, na kai hannu zan sassauta ƙulli ɗaya. Gagare ya damƙe hannuna kamar ya ga zan kama maciji.

Ya sallami mutane, ya rage murya. “Uban Tutan da bai san ƙullinsa ba! Saurara, baƙo. Uban Tuta ba ya sa gashi, ba ya sa ƙarfe, igiyar nan ita ce alamarsa, domin shi ɗaurarre ne, ran kowane mayaƙi yana ƙugunsa. Kowane ƙulli rantsuwar runduna guda ce. In ya kwance shi a gabansu, ya sallame su ke nan har abada.” Ya juya tafin hannuna ya duba. “Wannan kantar ta jan akalar jaki ce, ba ta takobi ba. Ban damu da inda ka samo igiyar ba. Gobe da hantsi za ka hau gada, ka faɗa wa duniya cewa ni ke gaba da Dangana. In ka ƙi, dokarmu tana nan: wanda ya sa alamar da ba tasa ba, kadoji ne alƙalansa.”

Da la'asar aka ƙetare da ni, bisa al'ada, don mutanen ɗaya gaɓar su yi gaisuwa. Kaura Dangana dattijo ne mai ɗingishi, gashin jiminarsa uku tsaf, amma idonsa na wanda ya daɗe bai yi barci ba. Da muka keɓe ya ce, “Na san igiyar nan, na kuma san hannun da ya ba ka. Ni ba na son girma, ɗana. Amma mutanena sun binne ubanninsu saboda gadar nan. In ka ambaci Gagare, za su sare ka kafin in buɗe baki. In ka ambace ni, shi zai jefa ka ruwa. Ko ta ina, gobe kadoji za su ƙoshi, ba kuma da kai kaɗai ba.”

Na ce, “Baba, to yaya zan yi?”

Ya yi murmushin da ba daɗi. “Ni Kaura ne. An koya mini karɓar umarni daga mai igiya, ba a koya mini ba shi shawara ba.” Sa'an nan ya ƙara da cewa, “Na dai gaji.”

Gari ya waye, rana ta ɗaga, aka tsayar da ni a tsakiyar gada. Dama da hagu runduna bakwai sun jeru, Barade a gaba da baƙin gashinsu, Garkuwoyi a baya tagulla na walƙiya a damatsansu, Kaura biyu sun sa ni tsakiya. Na dubi fuskokin mayaƙan. Na ga dattijo mai furfura, na ga saurayin da sulke ya yi wa yawa. Ba wanda ke kallon abokin gabarsa. Dukansu ƙuguna suke kallo, irin kallon da mai azumi ke yi wa rana.

Nan na gane abin da tsohuwar nan ta aiko ni yi.

Na zare igiyar daga wandona, na matse wandon da gwiwoyi, na ɗaga ta sama. Na ce, “Ya ku mutanen Kurmuza! An ce ku tsare gada sai Uban Tuta ya zo. Kun tsare. Ubanninku sun tsare. Ba wanda ya gudu a cikinku. Ga umarnin da kuke jira.”

Na kama ƙullin farko na warware shi.

Wata irin ajiyar zuciya ta tashi daga runduna ta fari, kamar iska ta ratsa gonar dawa. Makamai suka fara zuba ƙasa. Na kwance na biyu, na kwance na uku.

Gagare ya daka tsawa. “Ku tsaya! Wannan ba Uban Tuta ba ne! Mai jaki ne, ku dubi hannunsa!”

Na tsaya da igiya a hannu. Sai tsohon Garkuwan nan da ya fara gane igiyar ya ɗaga kai ya ce, “Ranka ya daɗe, igiya kakanninmu suka yi wa rantsuwa, ba tafin hannu ba. A bar shi ya ƙarasa.”

Na ci gaba, har saura ɗaya. Na ƙarshen nan shi ne na rundunar da ke tsaron Kaura, rabinta na bayan Gagare, rabi na bayan Dangana. Shekaru sun mai da ƙullin kamar dutse. Na sa farce, farce ya karye. Na sa haƙori, sai ɗacin rama da gishirin gumin mutanen da ban sani ba. Ƙulli ya ce bai san zance ba.

Gagare ya zare takobi. Ya ce wa dogaransa, “Ku har yanzu rantsuwa na kanku. Ku kama shi!” Suka taho, ba da son ransu ba, amma suka taho. Na ja da baya har dugadugina ya taɓa bakin gada. Na ji kadoji na kaɗa wutsiya a ƙasa.

Sai ga Dangana ya ɗingiso ya shiga tsakani. Bai taɓa takobinsa ba. Ya kai hannu bisa kwalkwali, ya zare tsinken azurfar da ke riƙe da alamarsa. Fararen gashin nan uku suka sulale, iska ta juya su, suka sauka a kan baƙin ruwa. Ya miƙo mini tsinken da hannu biyu, ya ce, “Allah ya ba ka nasara, gwada da wannan.”

Na soka tsinke a zuciyar ƙullin, na murɗa, na sake murɗawa. Ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya saki. Don murna na ɗaga hannu biyu sama da igiya miƙaƙƙiya, na manta da abin da gwiwoyina ke riƙe da shi. Wando ya zube har idon sawu.

Allah ya sa rigata doguwa ce. Sai wani daga baya ya tuntsire da dariya. Ta kama na kusa da shi, ta bi gada, ta ƙetare kogi, har mata da ke bisa tudu suka ɗauka da guɗa. Dogaran da suka zo kama ni suka zauna dirshan suna riƙe ciki. Mutane suka fara ratsa juna, wannan na kiran sunan ɗan gwaggonsa, wancan na tambayar ko kawunsa na da rai. Gagare ya tsaya da takobi tsirara, ya waiwaya, bai ga kowa a bayansa ba. Ya daɗe a haka. Daga bisani ya mai da takobin kube, ya zauna a bakin gada ya rufe fuska da hannu. Kafaɗunsa na girgiza, ban sani ba ko dariya ce ko kuka, ban kuwa matsa don in gani ba.

Aka yi kwanaki ana yanka, ana rawa. Mata suka tafi kango da jaki suka ɗauko Inna Tabawa da awakinta. Da ta gan ni ta ce, “Ɗan nan, ka yafe mini.” Na ce, “Inna, da kin faɗa mini gaskiya da ban zo ba.” Ta ce, “Na sani.”

Ranar da zan tafi na makara, don ba a buga tambarin asuba ba, abin da aka ce ba a taɓa yi ba a ƙasar. Na fito ina ɗaure ɗan guzurin da aka haɗa mini, sai na ga mutum tsaye a gindin tsamiya, ba sulke, ba kwalkwali. Sai da ya yi magana na gane Gagare ne. Kansa sanƙo ne, fatar kan ta yi fari don ba ta taɓa ganin rana ba. Na duba hanyar gudu.

Ya ce, “Kwantar da hankalinka, Nomau. Tambaya na zo yi.” Ya sosa ƙeya kamar mai jin nauyi. “Tun ina saurayi tambari ke tashina, in sa sulke, in je in dubi gada. Yau na farka, na zauna, na rasa inda zan sa kaina. Ku can garinku, in gari ya waye, an gama girbi, ba wanda ke jiran mutum, me yakan yi?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, yakan koma barci.”

“Haka kawai?”

“Haka kawai.”

Ya dubi inuwar tsamiya, ya dube ni, kamar yana tsoron wani zai hana. Sa'an nan ya shimfiɗa fatar damisarsa a ƙasa, ya kwanta a kai, ya yi matashi da hannu. Kafin in gama ɗaure guzurina ya fara minshari, irin wanda ke kaɗa ganye. Na cire takalmana na riƙe a hannu, na wuce shi a hankali, na hau gada ba wanda ya tambaye ni ko ni wane ne.

Nan hikayar ta sauke kayanta. Allah ya ba mu barcin da ba tambari a ƙarshensa, ya kai kowane matafiyi ƙofar gidan uwarsa.